Yashi, Ƙishirwa da Huda: Yadda Ake Kula da Filin Golf a Zagayowar Shekara

Filin golf mai ramuka 18 yakan ci ƙasar da ta kai hekta 50 zuwa 60, amma martabarsa a idon 'yan wasa ta rataya ne a kan abin da bai wuce hekta ɗaya zuwa biyu ba, wato dandalan da ke kewaye da ramukan, inda ake aske ciyawa har tsayinta ya koma milimita 3 zuwa 4 domin ƙwallo ta gangara ba tare da ta yi tsalle ko ta kauce hanya ba. Tsakanin dandamalin da ake yin bugun farko da dandalin ramin akwai zirin fili mai gajeriyar ciyawa wanda ɗan wasa ke ƙoƙarin sauke ƙwallonsa a kai, gefe da gefensa akwai ciyawar da aka bari ta yi tsawo da gangan, sannan ga gurabun yashi da aka haƙa a wurare masu wuya domin su kama wanda bugunsa ya karkace. Kowane sashe yana da tsayin yanka da yawan ruwa da irin kulawar da ta dace da shi, kuma dukkansu suna sauyawa da sauyin watanni.

Wanda ya saba da aikin gona zai ga al'amarin a juye, domin manomi yana zuba taki da ruwa ne don shuka ta yi ganye ta yi tsawo, alhali mai kula da filin golf yana neman ciyawar da za ta rayu cikin 'yar yunwa da ƙishirwa, ta zurfafa saiwa, ta fitar da siraran ganye a cushe, ƙasar da ke ƙarƙashinta kuma ta yi tauri. Koren nan shar da ake gani a talabijin ba shi ne ma'aunin fili mai lafiya ba, sau da yawa ma alama ce ta ruwa da takin da suka wuce kima. Jadawalin aikin kuwa ba ya bin son ran 'yan wasa, yana bin lokutan da ciyawa ke da ƙarfin warkewa ne, shi ya sa a kusan kowane kulob ake samun 'yar tsama tsakanin masu biyan kuɗin wasa da masu riƙe da injin yanka.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a tsohon filin St Andrews da ke gaɓar gabashin Sikotland, wanda tun shekarar 1764 aka rage ramukansa daga 22 zuwa 18, adadin da daga baya duniya ta ɗauka. Filin yana kan ƙasar yashi da teku ya bari tsakanin bakin ruwa da gonaki, wadda ba ta riƙe ruwa kuma ba ta da albarkar noma, don haka ciyawar da ta dace da ita ita ce mai siririn ganye da jure fari, musamman irin da ake kira fesku da irin da ake kira bent, waɗanda tumaki da zomaye suka riƙa gaigaya tun kafin Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa a Ingila a 1830. Ruwan da ke sauka a wurin kimanin milimita 700 ne a shekara, wanda ba ya da nisa da abin da Kano ke samu, sai dai na Kano yana zuwa ne a cikin watanni huɗu ko biyar, na St Andrews kuwa yana rarrabuwa a tsawon shekara a ƙarƙashin rana marar zafi. Filin yana da gurabun yashi 112, kuma 14 daga cikin ramukansa suna tarayya ne bibbiyu a kan manyan dandali bakwai, mafi girmansu ya haura murabba'in mita 3,000.

A wannan fili ne Tom Morris, wanda ake wa laƙabi da Tsoho don bambanta shi da ɗansa, ya riƙe aikin kula da ciyawa daga tsakiyar shekarun 1860 har zuwa 1903, bayan ya yi irin wannan aiki a Prestwick, kuma a tsawon rayuwarsa ya lashe gasar Open sau huɗu. Shi ake dangantawa da yaɗa al'adar barbaɗa yashi a kan dandali, kuma ana ruwaito cewa mafi yawan umarnin da yake ba mataimakinsa David Honeyman bai wuce a ƙara yashi ba. Har yau ana rufe filin ga 'yan wasa a ranar Lahadi, in ba ana wata babbar gasa ba, mutanen gari su shiga yawo da karnukansu, ciyawa kuma ta sami hutun yini guda daga takalma.

Shekarar mai kula da fili a irin wannan yanki ta fi dacewa a fara ƙirga ta daga Agusta ko Satumba, lokacin da ake yin aikin da 'yan wasa suka fi tsana, wato huda dandali. Dalilinsa biyu ne. Na farko, dubban ƙafafu da nauyin injina suna daddale ƙasa har ƙofofin da iska da ruwa ke bi su toshe, saiwa kuwa ba ta rayuwa ba tare da iska ba. Na biyu, ciyawar da ake yanka kullum tana tara matattun ganye da tushe da saiwoyi a tsakanin koren samanta da ƙasa, kuma idan wannan katifa ta yi kauri sai ta riƙa shanye ruwa tana riƙe shi a sama, dandali ya yi laushi, sawun ƙafa ya zauna a kansa, saiwoyi su ƙi nutsawa tunda ruwa yana kusa, cuta kuma ta sami wurin kwanciya.

Injin huda yana tafiya ne a hankali da jerin ƙarafa masu rami a ciki, kowane ƙarfe ya nutse santimita 7 zuwa 10 ya fito da curin ƙasa mai kaurin ɗan yatsa, ya yar da shi a sama. Bayan injin ya wuce sai ma'aikata su bi da shebur da faffaɗan katako suna tura curarrakin gefe, sannan a kawo busasshen yashi tan-tan a baza, a ja buroshi ko tabarmar ƙarfe a kai da kawo har ramukan su cika baki, a watsa sabon iri, a bi da rola. Dandalin da jiya yake sumul yau ya zama fari-fari da huji ko'ina, kuma yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya koma daidai. A nan ne gardamar lokaci take tasowa. Kwamitin kulob yakan so a jinkirta aikin zuwa Oktoba ko Nuwamba bayan an gama gasanni, mai kula da fili kuwa ya san cewa da zarar ƙasa ta yi sanyi ciyawa ba za ta iya rufe ramukan ba, za a shiga hunturu da dandali a buɗe, iri bai tsiro ba. Hujjarsa ta fi ƙarfi, ko da yake ba kullum take rinjaye ba, domin kuɗin shiga na watan Agusta ana ganinsa nan take, ribar huda kuwa sai bayan wata shida.

Yashin da ake barbaɗawa ba kowane yashi ba ne, dole girman ƙwayarsa ya yi daidai da na ƙasar da ke ƙarƙashi, domin idan aka shimfiɗa mai laushi a kan mai gautsi, ko aka riƙa canza iri daga shekara zuwa shekara, sai a sami hawa-hawa a cikin ƙasa wanda ke tare ruwa da saiwa. Wannan fahimta ce ta sa sashen kula da filaye na Hukumar Golf ta Amurka, wanda aka kafa a 1920, ya fitar a 1960 da tsarin gina dandali da aka fi bi a yau: bututan janye ruwa a can ƙasa, tsakuwa mai kaurin santimita 10 a kansu, sannan cakuɗen yashi da ɗan ruɓaɓɓen ganye mai kaurin santimita 30 a sama. A taƙaice, ana kashe kuɗi mai yawa ne domin a ƙirƙiro a cikin ƙasar laka abin da St Andrews ta samu kyauta daga teku.

Watannin Oktoba da Nuwamba su ne lokacin cuta, saboda dare yana tsawo, raɓa tana daɗewa a kan ganye, sanyi kuma bai kai na kashe fumfuna ba. Wadda ta fi addabar filayen Birtaniya ita ce mai suna Microdochium, tana farawa da ɗigo-ɗigo masu launin ruwan ƙasa da ba su wuce faɗin tsabar kuɗi ba, cikin kwanaki kaɗan su haɗe su zama tabo wanda ba zai warke ba sai ɗumi ya dawo. Maganin farko ba na kwalba ba ne: da asuba ma'aikaci yakan bi dandali da doguwar tsumagiya ko faffaɗan buroshi yana kakkaɓe raɓa, a rage takin naitirojin don kada ganye ya yi taushi, a fesa ɗan sinadarin ƙarfe mai ƙarfafa ganye. Wannan hanya ta ƙara muhimmanci tun da aka janye magunguna da dama daga kasuwa a Birtaniya da Tarayyar Turai, ciki har da na kashe tsutsar da ke cin saiwa, wanda aka hana a Birtaniya a 2016, abin da ya bar ma'aikata suna fama da tsutsar da kuma hankakan da ke tone dandali don cin ta.

A hunturu girma yana tsayawa kusan cak idan zafin ƙasa ya sauka ƙasa da digiri 5 ko 6, don haka ana ɗaga wuƙar injin zuwa milimita 5 ko 6, a rage yawan yanka. Idan raɓa ta daskare a kan ganye akan jinkirta buɗe fili, saboda ruwan da ke cikin ganyen ya zama ƙanƙara, kuma duk inda aka taka sai ƙwayoyinsa su farfashe, bayan kwana biyu sawun takalmi ya fito baƙi ƙirin. A tsohon filin St Andrews, daga Nuwamba zuwa Maris, akan ba 'yan wasa 'yar tabarmar roba su ɗora ƙwallo a kai kafin bugu, domin fallen ciyawar da sanda ke ɓantarewa ba ya komawa a wannan lokaci.

Hunturu ne kuma lokacin gini. Gurabun yashi na filayen bakin teku suna da bango a tsaye, wani ya fi tsayin mutum, kuma da fallayen ciyawa ake gina shi. Ana yanko fallen da ƙasarsa mai kaurin 'yan santimita, a jera sahu na farko a gindi, a cika bayansa da ƙasa a daddale, sannan a ɗora sahu na biyu an ɗan ja shi baya kaɗan, haka har a kai baki, kuma yawan jan da aka yi wa kowane sahu shi ke nuna ko bangon zai miƙe sosai ko zai ɗan kwanta. Iska da rana da yashin da sanduna ke watsawa suna cinye bangon cikin 'yan shekaru, musamman wanda ke fuskantar kudu, saboda haka kowane hunturu akwai rukunin da ake rushewa a sake ginawa. A wannan lokaci ne ake sare ƙayayuwa, kafin tsuntsaye su fara sheƙa a Maris, a yashe magudanai, a kwance injina a wasa wuƙaƙensu.

Maris da Afrilu watanni ne na haƙuri. Rana ta fara tsawo, 'yan wasa sun fito da ɗoki, amma ƙasa ba ta yi ɗumi ba, iskar gabas mai sanyi kuma tana busar da sama, don haka iri-irin ciyawar da ke dandali ɗaya ba sa farkawa tare, ƙwallo ta riƙa tangal-tangal. A daidai wannan lokaci ne ake nuna gasar Masters daga Augusta a jihar Jojiya ta Amurka, kuma babu abin da ya jawo wa masu kula da filaye ciwon kai kamar wannan hoto na mako guda. Abin da mai kallo ba ya gani shi ne cewa ana rufe filin Augusta daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba, cewa koren zirin filin na wata ciyawar sanyi ce da ake shukawa sabuwa kowace kaka a kan ciyawar zafi da ta yi barci, cewa an mayar da dandalan zuwa bent kafin gasar 1981, kuma a ƙarƙashinsu akwai na'urorin da ke zuƙe ruwa su hura iska. Kulob ɗin da ke buɗe kwana 365 ba shi da hanyar kwaikwayon wannan, kuma wanda ya gwada da buhun taki yakan girbi katifa mai kauri da cuta a kaka.

Taki da ruwa masu yawa suna kuma gayyato wata ciyawa mai suna Poa annua, wadda ke da gajeriyar saiwa, take fitar da 'ya'ya ko da an aske ta ƙasa-ƙasa, take saurin kamuwa da cuta, kuma da zarar ta mamaye dandali dole a ci gaba da shayar da ita da ciyar da ita don kada ta mutu. Jim Arthur, masanin ciyawa da ya daɗe yana ba hukumar golf ta R&A shawara kuma ya wallafa littafinsa kan wannan sana'a a 1997, ya shafe rayuwarsa yana nanata cewa a rage taki, a rage ruwa, a yawaita huda, domin ta haka ne fesku da bent ke rinjayar wannan baƙuwa.

Daga Mayu zuwa Agusta aikin yana komawa na kullum. A tsakiyar Yuni hasken rana a St Andrews yana haura awa 17, ma'aikata suna fita tun kafin ɗan wasa na farko, a yanka dandali, kowace rana ta fuska dabam don kada ciyawa ta kwanta gefe guda, a share gurabun yashi, a canza wurin rami. Faɗin ramin milimita 108 ne, zurfinsa aƙalla santimita 10, ana yanka shi da wani bututun ƙarfe mai kaifi, a ɗauki curin da ya fito a toshe tsohon ramin da shi, kuma gwanintar tana wajen daidaita shi, domin idan ya ɗan ɗaga injin zai aske kansa, idan ya nutse kuma zai bar kwari. Ana kiyaye ƙa'idar cewa kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a yanka guda. Ban ruwa kuma ba a yin sa da ka. Akwai na'urar hannu da ake sokawa a ƙasa ta nuna yawan danshi, inda ya bushe kaɗai a bi shi da tiyo.

Saurin dandali ana auna shi da wani siririn ƙarfe mai kwari da Edward Stimpson ya ƙirƙiro a 1935, wanda Hukumar Golf ta Amurka ta fara rarrabawa a 1978: a ɗora ƙwallo a kai, a ɗaga shi har ta gangaro, a auna nisan da ta yi da ƙafa. An yi shi ne don dandalan fili ɗaya su daidaita da juna, amma ya rikiɗe ya zama abin gasa tsakanin kulob da kulob, kowa yana ƙara sauke wuƙa. A bakin teku wannan yana da iyaka, domin iska tana ture ƙwallo daga inda ta tsaya, kamar yadda ya faru a gasar Open ta 2015 a St Andrews, inda aka dakatar da wasan ranar Asabar na sa'o'i masu yawa har gasar ta kai Litinin. A gasar Open ta 2006 kuma, a filin Hoylake, zafi ya mayar da filin ruwan ƙasa gaba ɗaya, ba a yi yunƙurin korantar da shi ba, Tiger Woods ya lashe gasar a kan ƙasa mai tauri, ciyawar kuma ta farfaɗo da aka sami ruwa, saboda barci ta yi ba mutuwa ba.

Duk wannan jadawali na ciyawar sanyi ne, wadda ta fi girma a tsakanin digiri 15 da 24. A ƙasashe masu zafi ana dogara ne da irin da ke son digiri 27 zuwa 35, kuma babbarsu ita ce wadda Turawa ke dangantawa da tsibirin Bamuda ko da yake ba can ne asalinta ba, wato ƙiri-ƙiri da ke yaɗo a fadamu da bakin rijiyoyin ƙasar Hausa. A garin Tifton na jihar Jojiya Glenn Burton ya haɗa ta aure da wata 'yar uwarta mai siririn ganye daga Afirka ta Kudu, aka fitar da Tifgreen a 1956 da Tifway a 1960, waɗanda suka bazu a filayen wasa na ƙasashe masu zafi. Ƙa'idar ba ta canzawa, watannin ne ke canzawa: a arewacin Najeriya lokacin huda da barbaɗa yashi shi ne bayan damina ta kankama, sa'ad da ƙiri-ƙiri ke yaɗo da ƙarfi, a lokacin ne kuma ake fama da yawan yanka da aya-aya da zaizayar gurabun yashi, yayin da sanyin hunturu ke rage mata girma, bazara kuma ta zo da matsalar da ta fi kowace, wato ruwa.

Lissafin ba shi da wuya. Milimita ɗaya na ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne, don haka idan rana da iska suka ɗauke milimita 6 a yini, abin da ba baƙo ba ne a Maris da Afrilu a yankin Kano, dandalan da suka kai hekta ɗaya kacal suna neman lita 60,000 kowace rana, ba a ma zo ga zirin fili ba. Wannan ne ya sa tsoffin kulob na arewa, irin na Kano da Kaduna da Jos, suka daɗe suna wasa a kan dandalan yashi da aka cakuɗa da mai aka daddale, inda ake share hanyar ƙwallo a lallaɓe ta kafin kowane bugu, ko da yake filin IBB na Abuja da aka buɗe a 1991 da ciyawa aka gina nasa. Dandalin yashi ba alamar koma baya ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka, domin shahararren fili na biyu na Pinehurst a Amurka ma da shi ya yi amfani har 1935, sai dai man da ake zubawa, musamman baƙin man inji, yana gurɓata ƙasa, kuma wannan illa ce ta gaske. Shi kansa Pinehurst, a gyaran da aka yi masa a 2010 da 2011, an cire ciyawar gefe mai shan ruwa aka mayar da wurin yashi da tsiron daji, aka taƙaita ban ruwa ga tsakiyar ziri, kuma a haka ya karɓi gasar US Open ta maza da ta mata a makonni biyu a jere a 2014.